Jitar da Ake Kwantarwa a Cinya

Hannuna na hagu ba ya dunƙulewa. Yatsa uku, na tsakiya da biyun da ke bin sa, a miƙe suke kamar an ɗaura musu kara, kuma sun kusa shekara tara a haka. Wanda ya gan ni a wurin biki zaune kan kujera, jita kwance bisa cinyata, ina jan guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, yakan zaci wani salo ne na koyo a birni. Ni dai na san hannun nan ne ya kai ni, shi da kawuna.

Mu biyar ne a ƙungiyarmu ta kiɗa a Talata Mafara. Akwai shugabanmu, wanda tela ne a bakin kasuwa kuma shi ke waƙa. Akwai mai fiyano da mai ganga, sai ni da jita irin wadda kowa ya sani, ta rataya a wuya. Na biyar shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai kalangu. Ya girme mu duka nesa ba kusa ba. Tun yana saurayi yake yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa, a nan ma ya san mahaifina har aka yi surukuta. Ba mu taɓa zama sanannu ba. Bikin aure, suna, walimar wanda ya tare a sabon gida, nan muke, daga Mafara zuwa Bakura zuwa Maradun da ƙauyukan tsakani. Kowannenmu yana da abin da yake ci da shi. Ni gonar shinkafa nake yi a filayen Bakolori.

A gonar ne abin ya same ni. Muna sussuka, bel ɗin injin ya zame, na kai hannu in gyara shi ban jira an kashe ba. Ban ji zafi nan take ba. Na dai ga mutane sun zubar da dammunan da ke hannunsu sun nufo ni a guje. An ɗinke, an ɗaure, an yi ɗori, rauni ya warke, amma yatsun suka ƙi lanƙwasa. Ranar da aka kwance ƙyallen ƙarshe na ɗauko jitata na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na yi ta ƙoƙarin danna tsirkiya ɗaya tak, yatsa ya ƙi sauka. Na mayar da ita cikin jakarta na tura ƙarƙashin gado.

Kusan shekara guda ban je wurin kiɗa ba. In na hango 'yan ƙungiyarmu sun ɗora kaya kan babura sai in sake hanya. Matata ba ta taɓa yi mini maganar ba. Abin da na lura da shi kawai, duk ranar Juma'a in tana share ɗaki takan jawo jakar ta kaɗe ta, ta mayar a hankali.

Kawu kuwa bai fasa zuwa ba. Duk Talata in kasuwa ta fara watsewa sai ya biyo da ƙullin tsire a takarda, mu zauna gindin darbejiyar ƙofar gidana. Gaisuwarsa kaɗai takan ci rabin tsiren: gida, iyali, gona, ruwa, gajiya, jikin tsohuwa, sannan a sake komawa kan gida. Wata Talata bayan an gama duk wannan sai ya ce, "Ɗauko min abin nan taka."

Na ce, "Kawu, ai ka san yadda hannun yake."

"Na sani. Ba hannu nic ce ka ɗauko ba."

Na shiga na ɗauko. Ya karɓa ya kwantar da ita bisa cinyarsa, fuskarta na kallon sama, ya zaro 'yar wuƙar da yake gyaran tsirkiyar kalangu da ita. Ya ɗora bayan wuƙar kan tsirkiya, ya taɓa da babban yatsa, ya ja wuƙar. Wata murya ta fito, siririya, ta hau ta sauko. Ba daɗi gare ta ba, amma ban taɓa jin jita ta yi haka ba.

Ya ce lokacin da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori, yana matashi, akwai wani baƙo direban tifa da yakan zauna inuwar motarsa da rana ya yi kiɗa haka da bayan cokali. Kawu ya ce ya kan tsaya daga nesa yana saurare, bai taɓa yi masa magana ba don ba su jin harshen juna. Shekaru sun wuce ya manta, sai da ya kwana biyu yana tunanin hannuna abin ya faɗo masa.

"Diba," ya ce, ya kama hannuna ya ɗora wuƙar tsakanin babban yatsa da manuniya. "Waɗanga biyu lahiya lau suke. Su za su riƙe. Sauran ukun su kwanta bayan ƙarhen, su huta."

Daga baya, da mai fiyano ya nuna mini a wayarsa yadda masu wannan kiɗa na wasu ƙasashe ke yi, sai na ga ashe haka ma ake so. Yatsun da ke bayan ƙarfen kwantawa suke a kan tsirkiya su kashe ƙarar da ba a buƙata. Su koyo suke yi kafin yatsun su saba miƙewa. Nawa sun riga sun miƙe.

Da tsohuwar jitata na fara. Matsalarta tsirkiyoyin sun yi kusa da wuya, ƙarfe na bugun katako. Na je mahauta na zaɓo ƙashin ƙwaurin sa, na dafa shi, na shanya, na goge da magagari har ya zama ɗan siririn abin tokare tsirkiya, na yi masa tsaga shida na tura ƙarƙashin tsirkiyoyin. Suka ɗaga sama kamar kaurin yatsa. Sai neman abin ja. Na gwada kwalbar turare, ta yi sauƙi da yawa, murya ba ta daɗewa. Na gwada guntun bututu, yana da kaushi. A ƙarshe wani bakanike mai gyaran injin ban-ruwa ya ba ni ƙarfen nan mai santsi da ke riƙe fistin a cikin inji. Tsawonsa bai wuce manuniyata ba, yana da nauyi daidai, kuma aiki ya goge shi har mutum na ganin fuskarsa. Shi nake amfani da shi har yau. In na saka shi a aljihu rigata takan karkace gefe guda.

Wata uku ina koyo a tsakar gida bayan na dawo gona. A jita ta rataya akwai ƙarafa a wuya da ke tsayar maka da murya, in ka danna daidai wurin shi ke nan. A wannan babu mai tsayar maka. Ka wuce da kaurin zare, murya ta karkace. Kunnenka ne kawai. Wata rana na tambayi matata yadda take ji, tana tankaɗe, ta ce, "Gaskiya kake so, maigida?" Na ce ita nake so. Ta ce, "Jiya kamar mage ta faɗa rijiya. Yau kamar an fara jawo ta." Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Kawu ne ya gyara mini kunne. Yakan zo da kalangunsa, ya zauna gabana, ya buga sau ɗaya ya matse da hammata, muryar ta hau. Ya ce in bi shi. Ya saki, ta sauko, in bi shi. Ya ce kuskurena shi ne ina tsalle daga murya zuwa murya kamar mai hawan tsani, alhali abin da ke tsakanin muryoyin nan shi ne kiɗan.

"Kai, in za ka ce wa mutum ina kwana, tsalle kakai? Ja shi. Ka isa wurin sannu, in ka isa ka ɗan girgiza hannu kaɗan, awa mai rarrashin jinjiri."

Haka muka yi ta yi. Ya faɗi magana da kalangu, in maimaita da ƙarfe. Mun fara da gaisuwa, muka koma kirarin mahauta, muka koma waƙoƙin ƙungiyarmu. Maƙwabta da farko leƙowa suke ta katanga, daga baya suka saba, har wata tsohuwa ta aiko a ce mini in na tashi in riƙa farawa da wanda na yi shekaranjiya.

Jitar da nake kaɗawa yanzu ba waccan ba ce. Waccan muryarta ba ta iya ratsa ganga da fiyano. Wani mai gyaran rediyo a bakin tasha, mutum mai son abin da bai taɓa yi ba, shi ya haɗa mini wannan. Katakon maɗaci ne guda, tsawon hannu da rabi, kafinta ya fere shi ya goge. Muka ciro kunnuwan ɗaure tsirkiya daga wata matacciyar jitar lantarki, da maganaɗisun nan da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya aika wa sifika. Da yake babu ƙarafa a wuyanta, sai muka auna muka ja layuka da farin fenti don ido ya samu abin bi. Layi na bakwai ya ɗan karkace, hannun mai gyaran ne ya goce. Na saba da shi, na san in tsaya gabansa kaɗan.

Faratan da ake sakawa a yatsun dama don taɓa tsirkiya su ma mu muka yi. Na babban yatsa daga robar jarka, aka gasa aka lanƙwasa. Biyun na ƙarfe daga gwangwanin madara. Ranar farko suka yanke ni a gindin farce. Matata ta karɓa, washegari na tarar ta naɗe bakinsu da zaren saƙa, ja da kore. Na ce mata maza za su yi mini dariya. Ta ce to in cire. Ban cire ba.

Shugabanmu ne ya kawo abin takawa. Na injin ɗinkinsa na lantarki ne da ya ƙone. Mai gyaran rediyo ya fidda cikinsa ya saka abin ƙara murya na rediyo da 'yar igiya, in na taka murya ta ƙaru, in na ɗaga ƙafa ta ragu. Da shi nake ɓoye bugun farko, sai muryar ta shigo kamar daga nesa take tahowa. Sai akwatin sifika ƙarami da batirin mota da nake cajawa da faranti mai amfani da hasken rana. Duka kayan in an ɗaure su da roba suna hawa bayan babur ɗaya, in dai wanda aka goya ya yarda ya rungumi jitar.

Fitata ta farko a Bakura ce, bikin ɗan wani mai sayar da albasa. Da hantsi muka isa, aka ba mu rumfa a fili. Ban san rana na sassauta tsirkiya haka da sauri ba, don a gida kullum a inuwa nake. Kafin a gama waƙa ta biyu duk ɗaurina ya zube. Ga sifika ta kama wani gurnani kamar ƙudan zuma sun shiga tulu, saboda an haɗa fiyano da janareta kusa da ni. Na ja ƙarfe, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Samari suka fara dariya. Wani dattijo ya matso da gaske, ba da ba'a ba, ya tambayi mai ganga ko jitar ba ta da lafiya ne aka kwantar da ita.

Shugaba bai dube ni ba, ya ci gaba da waƙa. Kawu ne ya taso daga inda yake ya zo ya tsaya daidai gabana, ya ba jama'a fuska ya ba ni baya, ya saki kalangu da ƙarfi. Babbar rigarsa ta rufe ni. A bayan rigar nan na sake ɗaure tsirkiyoyi shida ɗaya bayan ɗaya, kunnena manne da katako, gumi na ɗiga a kan farin fenti. Ban ƙara yin wani abin kirki ba ranar, na dai bi su a hankali har aka tashi.

A hanyar dawowa Kawu na goya. Mun wuce gonaki da yawa. Can ya ce, "Ranar da nif fara kiɗa kasuwa, hwatar kalangu ta hwashe bugu na ukku. Ubanka na nan. Shi yaf fi kowa dariya." Ya ƙara da cewa, "Kuma shi yab biyo ni da hwatar ɗan akuya washegari."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Mahaifina ya rasu ina ganin kamar bai ɗauki kiɗa a bakin komai ba.

Mai gyaran rediyo ya magance gurnanin da abu mai sauƙi. Ya ɗaura waya a jikin sifikar, ɗaya bakin a dogon ƙusa. Ya ce duk inda na je in kafa ƙusar a ƙasa in zuba mata ruwa. Tun daga nan buta ta shiga cikin kayan kiɗana. Mutane kan tsaya suna kallona ina ba ƙusa ruwa, wasu na zaton wani asiri ne. Na kuma koyi in nemi inuwa kafin in nemi kujera, in rufe jitar da farin mayafi in ba a kiɗa.

A Maradun abin ya fara zama. Walimar aure ce a gidan wasu dillalan shanu, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin manyan itatuwa. Akwai wata waƙa da shugaba ke yi wa amarya nasiha, mai tafiya a hankali. A tsakiyarta ya ɗaga mini gira, mai ganga ya sassauta, Kawu ya rage hannu har ya zama kamar bugun zuciya. Na taka abin takawa na shigo. Ban yi wani abu mai wuya ba. Muryar waƙar na bi, na ja ta sama, na riƙe, na sauko da ita sannu. Na ji surutun wurin yana raguwa daga gaba zuwa baya. Masu rabon abinci suka tsaya da faranti a hannu.

Da aka tashi ina naɗe waya, wani tsoho mai farin gemu, daga ganin sandarsa ka san mai shanu ne, ya zo ya tsuguna gabana. Muka gaisa, doguwar gaisuwa, har ya tambayi mutanen Mafara. Sannan ya ce, "Malam, in ba takura, wurin nan da kas sauko, ka sake min shi."

Na riga na cire batir. Na ce bari in mayar. Ya ce a'a, haka ma ya isa. Na kaɗa masa ba sifika, muryar 'yar ƙarama, sai da ya kawo kunnensa kusa da katakon. Na yi sau biyu. Ya ɗago ya ce mahaifiyarsa in tana niƙa a dutse haka take sauke murya a ƙarshen waƙa, kuma rabonsa da jin wannan saukowar tun yana kiwon maruƙa. Ya yi mini addu'a, ya yi wa hannuna addu'a, bai tambayi abin da ya same shi ba. Ya tashi ya tafi.

Shekarun da suka biyo baya hanyoyinmu suka lalace da rashin tsaro. Gayyata ta ragu. Inda muke zuwa da yamma muka koma zuwa da safe, a gama kafin la'asar kowa ya kama hanya da sauran rana. Akwai garuruwan da muka daina zuwa gaba ɗaya, akwai mutanen da muka yi wa kiɗan aure da yanzu suke zaune a Mafara gidajen 'yan'uwa. Wani lokaci sukan tare ni a kasuwa su ce, kai ne mai jitar kwance, ka yi mana kiɗa a garinmu. Sai mu tsaya mu yi ta lissafa waɗanda suka halarta.

Bara bayan an gama girbin shinkafa manoman Birnin Tudu suka gayyace mu, sun aurar da 'ya'yansu uku rana ɗaya. Na biya na ɗauki Kawu da sassafe. Ya hau da ƙyar, sai da na karkata masa babur. Kalangu a bayansa, jitata a ƙirjinsa. Mun fita gari kaɗan ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Yau ta ƙarshe ta."

Na rage gudu. "Kawu, wani abu ya faru?"

"Babu komi. Kahwaɗa ta gaji, kuma ina son in zamna masallaci in ji karatu da sauran kunnena. Kak ka hwaɗa ma kowa sai mun gama. Ban son a yi ta kallona."

Na riƙe maganar ni kaɗai tsawon yinin. Ya yi kiɗa kamar kullum, bai ƙara ba bai rage ba. Ni ne na kasa. Sau biyu ina shigowa a makare don ina kallonsa. A waƙar ƙarshe akwai wurin da kalangu ke amsa wa mawaƙi, shekara da shekaru nasa ne, kowa ya sani. Da aka zo wurin sai ya sauke makaɗinsa ya dube ni. Shugaba ya rera, kalangu bai amsa ba, na gane ni ake jira. Na amsa. Shugaba ya waiwayo ya dubi Kawu, ya dube ni, na ga ya fahimta. Ya kai waƙar ƙarshenta.

Da muka ɗaure kaya Kawu ya faɗa musu da bakinsa, a taƙaice. Shugaba ya tuɓe hularsa ya riƙe a hannu, ya roƙi gafara in an taɓa saɓa masa. Kawu ya ce shi ma a yafe masa, ya ce mu hanzarta rana na tafiya.

La'asar ta same mu a bakin wata babbar hanyar ruwa, inda mata da maza ke ɗaure albasa a buhuna. Muka tsaya muka yi alwala da ruwan, yana da sanyi. Ya ja mu salla a kan buhun da wani manomi ya shimfiɗa mana. Bayan mun sallame bai tashi nan da nan ba. Ya miƙe ƙafafunsa, yana kallon ruwan yana wucewa, balbelu na bin bayan masu kaɗa shanu a ɗaya gefen. Na zauna kusa da shi. Manomin ya kawo mana albasa manya guda huɗu da ganyensu, ya ce kyauta ce ta baƙi. Kawu ya karɓa ya yi godiya, ya ware biyu ya tura aljihun babbar rigarsa, ya miƙo mini biyu.

"Ka kai ma ɗiyata," ya ce, yana nufin matata. "Ka ce ta yi miya da yawa gobe. Ina nan tahe cin tuwo, yanzu ba ni da aikin yi."

Na kama hannunsa na tashe shi, na karkata babur ya hau, muka kama hanyar gida.